Kurɓin Farko

A gidanmu uba ba ya shan magani sai ɗansa ya fara kurɓa. Haka al'adar take a duk garin Baishi, sai dai a gidaje da yawa leɓe kawai ake taɓawa da bakin kwano a ce an yi. Babana, Kuang mai alƙalami, ba ya cikin masu irin wannan wasa. Shi ya riƙa kurɓa wa kakanmu har ranar da aka rufe masa ido. Da Yaya Heng yana gida aikin nasa ne, amma an tafi da shi cikin samarin da aka kai tsaron iyakar arewa a shekarar da Inna ta rasu, kuma tun daga nan ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai kwanon ya dawo hannuna. Sunana Ping, ni ne auta.

Alƙalamin rubutu muke yi, na gora mai gashin zomo a baki. Aiki ne na zama da natsuwar hannu. A jiƙa gashin, a taje, a jera shi sili-sili, a ɗaure da zaren siliki. Baba bai yi nisa a karatu ba, ni kuwa ko kusa da shi ban kai ba, don lokacin sanyi biyu kawai na yi a makarantar Malam Pang aka dawo da ni shago. Amma Baba yakan ce mutumin da malamai ke rubuta maganar magabata da aikin hannunsa bai kamata a same shi da karkataccen hali ba. Bai taɓa ɗaga tsinken cin abinci ba sai an fara zuba wa kakanni nasu a gaban allunan da aka rubuta sunayensu.

Bayan girbin gero wani tsoho ya sauko daga duwatsu, mutane suka sa masa suna Mutumin Dutse. Gemunsa fari har ciki, fuskarsa kuwa sumul kamar ta saurayi. Ya ce a gabansa aka dasa ƙatuwar bishiyar da ke bakin kasuwa. Yana tafe da wasu ƙwayoyi ja, kamar wake, waɗanda ya dafa a tanderunsa daga jan dutse da zaiba. Duk wanda ya sha ɗaya kowace safiya har ƙanƙara ta narke, in ji shi, mutuwa za ta manta ƙofar gidansa.

Maƙwabcinmu Tsoho Dou mai man riɗi ne ya fara saye. Ba a daɗe ba Baba ya ja jakinmu ya fita, ya dawo ba jaki, da ɗan tulu a cikin hannun riga.

Gwaggo, yayar Baba ce, ita ke mana girki tun rasuwar Inna. Ta leƙa tulun ta ɗago kai.

"Jaki mai ƙafa huɗu ka bayar a kan kashin akuya da aka rina?"

"Yaya, ki bar abin da ba ki sani ba."

"Ni na goye ka, ka yi min fitsari a baya, yau kuma ni ce ban sani ba. To madalla. Wa zai ɗauko mana gawayi, gemun mutumin?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye tulun a gaban allunan kakanni ya ce, "Heng zai dawo. Ba na so ya dawo ya tarar da allo a madadin ubansa."



Kowace safiya nakan niƙa ƙwaya ɗaya, in dama ta da giyar gero mai ɗumi, in durƙusa a gaban Baba, in kurɓa, sannan in miƙa masa da hannu biyu. Da farko ba na jin komai sai ɗanɗanon ƙarfe da ke maƙalewa a harshe, kamar mutum ya tsotsi ƙusa. Baba kuwa har ya yi haske. Yana jin zafi a jiki, ya daina sa rigar auduga mai kauri, yana cewa ƙuruciya ce ke dawowa.

Ana tsakiyar sanyi Tsoho Dou ya mutu. Ina cikin samarin da aka kira su ɗaga shi zuwa akwati. Da babban ɗansa ya buɗe masa baki don ya sa shinkafa kamar yadda ake yi wa mamaci, ina tsaye daidai kansa. Dasashinsa ya yi baƙi ƙirin. Haƙora kaɗan suka rage, su ma a kwance. Wannan mutum kuwa kafin girbi da haƙorinsa yake fasa gyaɗar dutse mai taurin ɓawo yana ba yara. Sai warin bakin ya buge ni, kuma na san warin. Shi nake tashi da shi a bakina kullum.

Mutumin Dutse ya zo ta'aziyya yana murmushi. Ya ce Dou bai mutu ba, saɓa ya yi kamar maciji, ya bar tsohuwar fata ya haura duwatsu. 'Ya'yan suka sunkuya suna godiya. Ni dai na san nauyin abin da na ɗaga, kuma ba nauyin fata ba ne.

Na dawo gida. Na tarar da Baba a shago yana taje gashi, na durƙusa a gefensa na jira har ya dube ni.

"Baba, na ga bakin Tsoho Dou."

"Ba a maganar jikin mamaci."

"Ina tsoron maganin nan ne ya kashe shi. Ina roƙonka ka dakata da shi, ko zuwa bazara."

"Dou ya haɗa shi da naman kare da tafarnuwa, an kuwa hana shi. Ni na kiyaye."

"Baba, hannunka ya fara rawa."

Ya ajiye matajin a hankali, ya tura hannayensa cikin hannun riga.

"Lokacin sanyi biyu ka yi a makaranta. Yau kai ne za ka gyara wa mutumin da ya ga dashen bishiyar kasuwa? Tashi ka jiƙa gashi."

Na tashi na jiƙa gashi. Na sake gwadawa bayan 'yan kwanaki, na sake kuma, kullum a durƙushe, kullum da ƙaramar murya. A ta ƙarshe sai ya juya min baya.

Ni ba mai dabara ba ne, ko a makaranta ni ne na ƙarshen gane abu. Dabara ɗaya ce ta zo min. Tunda ba wanda ya taɓa faɗin girman kurɓin da ɗa zai yi, sai na riƙa cika bakina taf, in haɗiye, in miƙa wa Baba abin da ya rage. Duk abin da ya shiga cikina bai shiga nasa ba. Na ce ni matashi ne, jikina zai ɗauka.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Tun daga lokacin da zakara ya yi cara gabana yake faɗuwa. In na ɗora ƙwayar a turmi, sai in ga bakin Tsoho Dou a ƙasan turmin. Wani lokaci maƙogwarona yakan rufe da kansa, sai na runtse ido na tilasta shi. Bayan na fita nakan zagaya bayan rumbu in taɓa haƙorana ɗaya bayan ɗaya da yatsa, in ji ko akwai wanda ya fara motsi. Yawu ya fara cika min baki, ina aiki yana ɗiga a kan gashin zomo. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai in zabura kamar ɓarawo.

Gwaggo ce ta fara ganewa. Ta tare ni a madafa ranar da na zubar da kunu a ƙirjina.

"Kai auta, wannan da kake yi da safe, ɗanɗano ne ko karin kumallo?"

"Kurɓa nake yi, Gwaggo."

"Kurɓar raƙumi. Buɗe bakinka in gani."

Na buɗe. Ta ja ni bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Da ta sake ni, ba ta yi min tsiya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni, don ban taɓa ganin bakin Gwaggo ya rasa magana ba.

"Akwai baƙin layi a gindin haƙoranka," ta ce. "Gidan nan wawa ɗaya ya ishe ni, ban roƙi biyu ba. Zan jefa tulun a rijiya."

"Sai duk gari ya sha gubar. Kuma zai ba da kayan shago ya sayo wani."

"To je ka wajen malaminku. Ko karatun da ya hana shi ƙiba zai yi rana yau."

Na tarar da Malam Pang ya sallami yara, yana ɗumama yatsunsa a kan kaskon wuta. Na gaishe shi, na zauna a inda nake zama ina yaro, can kusa da ƙofa. Na faɗa masa komai, har da girman kurɓin.

"Ping mai barci a kan allo," ya ce. "Ashe kana ji."

"Malam, kai ka koya mana ɗa ya kurɓa kafin uba. Kai kuma ka koya mana jikinmu ba namu ba ne, na iyaye ne, ko gashi ba ma yankewa da wasa. In na kurɓa na lalata jikin da suka ba ni. In na ƙi na saɓa. Wanne zan bi?"

Ya daɗe yana juya garwashi da ƙarfe.

"Na tsufa ina koyar da biyun nan, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ban taɓa ganin sun haɗu a kwano ɗaya ba sai yau." Ya yi tari. "Ka gaya masa gaskiya?"

"Na gaya masa maganin guba ne."

"Wannan gaskiyar maganin ce. Taka fa? Ya san abin da kake yi?"

"A'a."

"To kana yaudararsa ke nan, komai kyan niyyarka. In ka faɗi matacce a gabansa, ka bar shi da sunan uban da ya kashe ɗansa, shi kuwa bai ma sani ba. Wannan ba biyayya ba ce. Magabata ba su sa ɗa ya kurɓa don ya mutu a madadin uba ba. Sun sa shi ne don in akwai cuta a kwanon, a gani a jikin ɗan, a tsaya."

"Ba ya dubana, Malam."

"Na sani. Tsoro yake ji, kamar kai. Ni da zan zo in yi masa magana, zai ba ni shayi ya raka ni ƙofa." Ya ɗago ya dube ni. "Ba ni da aya da zan karanta maka ta kare ka. Kada ka ɗaga masa murya, kada ka guje shi, kada kuma ka ɓoye masa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na dawo gida na tarar da baƙo. Mutumin Dutse ne zaune a wurin girma, Baba na zuba masa shayi, butar tana ƙwanƙwasa bakin kofi saboda rawar hannu. Gwaggo ta kawo gasasshen wake ta dire.

"Ranka ya daɗe," ta ce. "Af, na manta, naka ya riga ya daɗe. Jakinmu fa, shi ma ya haura duwatsun?"

"Yaya," in ji Baba.

Mutumin ya yi dariya kamar an ba shi kyauta. Ya kama hannun Baba, ya duba harshensa, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Rawar hannu, yawu, zafin ciki, duk alamu ne tsohon jiki yana sakin ka. Haƙora ma za su zube, sababbi su fito. Ka kusa. Daga gobe ƙwaya biyu."

Ya juyo ya gan ni a bakin ƙofa ina share haɓa da hannun riga.

"Kai, har da yaron? Dubi yadda maganin ya karɓe shi. Gidan nan akwai rabo."

A lokacin ne Baba ya dube ni, irin duban da ya daɗe bai yi min ba.  Ya raka baƙonsa har titi, ya dawo ya shiga shago.

Da yamma muna cin abinci, na kai tsinke zan ɗauki wake, ya kuɓuce. Na sake kaiwa, tsinken biyu suna bugun juna kamar haƙoran mai jin sanyi. Waken ya gangara ya tsaya a gaban Baba. Da can sai in ɓoye hannuna a ƙarƙashin tebur in ce na ƙoshi. Ranar na bar shi a fili yana rawarsa. Gwaggo ta tashi ta kawo min cokali irin wanda ta daɗe tana ajiye wa Baba ba tare da an yi maganarsa ba.

Da gari ya waye na niƙa ƙwaya biyu. Ruwan ya yi ja sosai, ya yi kauri. Na ɗauko kwanon da hannu biyu ina tafiya a hankali don kada ya zube. Na san in na cika bakina da wannan, ba lallai in ga bazara ba. Baba yana zaune a gaban allunan kakanni, ya kunna turare. Na durƙusa.

"Miƙo," ya ce. "Daga yau na ɗauke maka kurɓin."

"Baba, Kaka ya taɓa ɗauke maka?"

"Ba tambayarka nake ba. Miƙo."

"In ka karɓa da ƙarfi ba zan riƙe ba. Amma akwai abin da na ɓoye maka, ka bari in faɗa." Yawu yana zubo min, ban share ba. "Tun mutuwar Tsoho Dou ba kurɓa nake yi ba. Rabi nake shanyewa. Wani lokaci fiye."

Turaren ya ci gaba da hayaƙi. Na ji Gwaggo ta tsaya da dakan da take yi a madafa.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Na roƙe ka ba ka ji ba, ni kuma ban iya wata magana ba."

"Ka cuce ni. Ka rage min magani."

"Na rage. Ka hukunta ni yadda ka ga dama." Na ɗaga kwanon zuwa ƙirjina. "Amma Baba, ni ban gane ba, ka san kaina ba ya ja. In maganin tsawon rai ne, me ya sa za ka hana ni? Mutumin ya ce ya karɓe ni. Ka bar ni in sha nawa, mu jira Yaya Heng tare."

 Leɓensa na ƙasa yana motsi.

"In ka ce in kurɓa, zan kurɓa, ka sha sauran. Gobe ma haka."

Na jira ya ce wani abu, bai ce ba. To al'ada ba ta jiran a ce. Na kai kwanon bakina. Warin ƙarfen ya cika min hanci, bakin kwanon yana bugun haƙorana. Na ji ɗumin ruwan a leɓena.

Hannunsa ya kama wuyan hannuna. Riƙon ba ƙarfi, yaro ma zai fizge, kuma rawar hannunsa ta haɗu da tawa har maganin ya fantsama a gwiwoyinmu. Na tsaya.

"Buɗe bakinka," ya ce.

Na buɗe. Ya matso kusa, ya ɗaga leɓena da babban yatsansa kamar yadda ake duba jariri mai fitar da haƙori. Ya taɓa na gaba, ya ji yana motsi. Ya janye hannun da sauri.

 Sai ya karɓi kwanon daga hannuna, na sake masa. Ya dube shi, ni kuma ban san inda zai kai shi ba. Ya ajiye shi a ƙasa, ya ture shi gefe da bayan hannu.

"Na tsufa, Ping," ya ce. "Iyakar ke nan fa. Ba wata cuta gare ni ba."

"Na sani, Baba."

"Ɗauki wannan da tulun. Ka haƙa rami can bayan gonar Dou, nesa da ruwa. Ka zurfafa, kada kare ya tono." Ya share idonsa da hannun riga. "In ka dawo ka bi ta gidansu, ka ce wa babban ɗansa ina son ganinsa. Na ji uwarsu ta fara shan abin da ya bari."

Na yunƙura zan tashi, gwiwoyina suka ƙi. Na sake gwadawa na koma zaune. Gwaggo ta shigo ba sallama, ta sa tsumma ta ɗauke kwanon, ta rungumi tulun a ɗaya hannun.

"Zauna nan, kada ka faɗa ramin in binne ku tare. Ni zan je." Ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo. "Akwai ruwan koren wake a kan wuta, an ce yana wanke ciki. Ku sha, ku biyun, har ya fito muku ta hanci."

Ta fita. Na rarrafa zuwa madafa na zubo kwano ɗaya, rabi ya zube a hanya. Baba ya ce in bar shi nan, shi ma ya dafa bango ya tashi, ya je ya zubo wani da kansa.